Kada Ki Haɗiye Wutsiyar Kalma

Durba, Kibiya
Litinin, bayan azahar

Zuwa ga jikata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Amaryata, ina gaishe ki gaisuwar tsohon da za a tafi a bari da murhu ba wuta. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki da mutanen gidansu a Yalwa. Allah Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, Ya tsare ki a ƙasa da sama, Ya sauke ki cikin mutanen da za su tausaya wa baƙuntarki.

Tun ranar da kika bugo waya kika ce takardu sun fito, asibitin nan na Jamus ya ɗauke ki aikin jinya, ban zauna wuri ɗaya ba. Na faɗa wa liman, na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa Bafillatanar da ke kawo mana nono, ita da ba ta tambaye ni ba. Na hau keke da wannan gwiwar tawa na tafi kasuwar Kibiya, ba abin da zan saya, so nake kawai a ce mini "ina labari" in bayar. Wani ya ce, "Malam Sabo, kai za a kai Jamus ɗin ne?" Na ce masa ai ƙafata ce za ta taka. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Amma ba murna ce ta sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da na ɓoye miki tun kina ciki, yau shekara ashirin da huɗu. Na so in ba direba takardar nan ya miƙa miki a filin jirgi ranar Asabar, ki karanta kina sama inda ba za ki iya juyowa ki dube ni ba. Har na rubuta haka a bayan ambulan, na soke. Ga ta na aiko yau Litinin. Kin ce ranar Alhamis za ki zo Durba mu yi sallama. In kin gama karantawa, ke za ki zaɓa, ko ki zo ko ki fasa.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san hannun da ya fara riƙe biro da furfura a gemu.

Kin tuna da daminar nan da kika zo kika yi mako biyu a nan kina shirin jarrabawar Jamusanci? Kika liƙa wata takarda mai gida-gida a bangon zaure, kina zama ƙarƙashin mangwaro kina bita kamar mai hadda. Wata rana da hantsi kika ce, "Tsoho, zo ka ji sunanka."

Kika nuna mini da yatsa. Takardar tana nan, daga cikinta nake kwafowa. Kika ce, "In kai ka yi abu, kai ne der alte Mann. In kai aka gani ko aka kama, ka koma den alten Mann. In kai aka ba wani abu, dem alten Mann. In kuwa abin naka ne, kamar ruɓaɓɓen kekenka, des alten Mannes."

Na ce, "Duk ni kaɗai?"

"Duk kai kaɗai. In kuka taru a majalisa ku da yawa, sai a sake sabon zubi."

"To in tsohuwa ce fa?"

"Nata daban. Akwai ma jinsi na uku, shi ba namiji ba, shi ba mace ba. Budurwa ma a can suka ajiye ta."

Na ce lallai mutanen nan ba su da gona, shi ya sa suka sami lokacin wannan. Kika yi dariya, kika ce gida goma sha shida ne a takardar, kuma irinta uku ne, domin wutsiyar kalma tana sake kama gwargwadon abin da ya zo gabanta.

Da la'asar malamarki ta kira ki a waya tana gwada ki. Ina zaune ina gyaran igiyar guga, ba na jin ko kalma ɗaya, amma na ji wani abu. Farkon kowace kalma kina fito da shi sarai, in kin zo ƙarshe sai muryarki ta mutu. Da kika ajiye wayar na tambaye ki.

Kika ce, "Dabara ce, Tsoho. Den da dem, in ka faɗa da sauri ka rufe baki, ba mai gane wanne ka faɗa. Kowa haka yake yi a ajinmu. Ai ana fahimta."

Na tashi na shiga ɗaki. Kika biyo ni kina tambaya ko cikina ne. Ba cikina ba ne. Na san dabarar nan tun ba a haife ki ba, kuma na san abin da take ci.

Bari in fara daga farko. Ban shiga ajin yamma don son karatu ba. Ina da shekara arba'in da tara lokacin. A ƙungiyarmu ta manoma aka zaɓi wani da na girme shi ya zama magatakarda, don kawai ya iya rubutu. Duk ranar taro shi ya zauna kan kujera da biro a kunne, ni kuma a miƙo mini tawada in dangwala yatsa. Haushi ne ya kai ni aji. Takardar shaida nake so in rataya inda za a gani, karatun kansa bai dame ni ba. Ke ma kin ci jarrabawarki, takarda tana hannunki. Ki zauna ki tambayi kanki ko takardar kika samu ko harshen. Ba kullum suke zuwa tare ba.

A firamaren Kibiya ake yin ajin, daga la'asar zuwa magariba. Mu wajen ashirin, dattawa, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malam Ɗanlami, wanda ke koyar da mu, bai fi sa'an ɗana ba. Ya rubuta a allo, ya nuna da sanda, mu amsa gaba ɗaya. Ban yi mako biyu ba na gano cewa in ka jinkirta bakinka kamar ƙiftawar ido, za ka ji abin da na kusa da kai ya fara faɗa, sai ka bi shi da ƙarfi. Muryata ta fi ta kowa a ajin nan. In Malam ya nuna ni ni kaɗai, sai tari ya kama ni, ko in ce allon yana ƙyalli, ko in dubi rana in ce bari in yi alwala. Ranar jarrabawa na kwafi zanen haruffan maƙwabcina kamar mai kwafar aikin hula. Aka ba ni takarda. Na kai Rano aka saka mini ita a gilashi, na sayi tabarau a kasuwa, na dawo na rataye ta a zaure.

Na iya rubuta sunana. Na san haruffa ɗaya-ɗaya in manya ne. Haɗa su ne ban iya ba, kamar wanda ya san kowace saniya a garke amma bai iya kora su hanya ɗaya ba.

Ubanki ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Yau zan rubuta shi: Usman. Yana kurmi lokacin, yana harkar albasa. Mahaifiyarki Saude tana nan gidana da cikinki. Wayar hannu ba ta iso ƙauyenmu ba tukuna. Da labarin takardata ya kai masa, ya aiko mini da biro mai ruwan zinare, da saƙo a bakin direba: "Ku ce wa Baba na ji, na gode wa Allah. Yanzu ni da shi za mu riƙa yin sirri." Na saƙala biron a aljihun gaba, na yi ta yawo da shi.

Da kaka, muna tsakiyar yankan dawa, wasiƙarsa ta zo. Daga hannu zuwa hannu ta biyo, daga tashar Rano har ƙofar gidana, wanda ya kawo ta bai san komai a kanta ba. Kin san yadda ake yi da wasiƙa a lokacin, a tsakar gida ake karanta ta kowa ya ji. Kakarki Iya ta shimfiɗa tabarma. Mahaifiyarki, don kunya, ta zauna a ƙofar ɗakinta da faifan wake, tana tsinta tana kasa kunne. Cikinki wata bakwai.

Iya ta ce, "To Malam, yau dai ba sai mun aika neman mai karatu ba."

Na buɗe. Shafi biyu ne, rubutu ƙanana, a haɗe da juna. Na gane sunana a sama. Daga nan ban gane komai ba.

"Ban iya ba." Ki ƙirga, kalma uku ne. Da na faɗe su, da kafin magariba an samo wanda zai karanta. Sai na saka tabarau, na ɗora yatsa a kan layi, na riƙa jan shi a hankali ina faɗin abin da na saba ji a wasiƙun mutane. Yana gaishe ku. Yana nan lafiya. Kasuwa da godiya. Yana nan tafe kafin haihuwa.

Iya ta ce, "Duk shafi biyun nan iyakar abin da ya faɗa ke nan?"

Na ce, "Sauran maganar maza ce."

Ta yi dariya ta ce, "Oho, an fara ke nan." Na ga mahaifiyarki tana murmushi a cikin faifai.

Ba wai ban damu ba. Na ƙudura zan kai ta Kano, inda ba a san ni ba, in sami wani ya karanta mini. A Kibiya ko Rano ba zan iya ba, kowa ya ga biron nan a aljihuna. Amma dawa tana gona, na ce gobe. Gobe ta yi na ce jibi, in an gama ɗauri. Na saka ta a ƙasan adaka. Kwana goma sha shida bayan nan, Tanko mutumin Fammar, wanda suke sana'a tare, ya yi sallama a ƙofata da jakar ubanki a kafaɗa.

A zaure muka zauna, takardar shaidata tana rataye bisa kanmu. Bayan ya faɗa mini rasuwar ubanki, ya ce, "Malam, ya ce ya rubuto maka. Duk lokacin da aka taɓa ƙofar ɗakin asibitin nan sai ya ɗaga kai."

Na ce, "Allah bai nufa ba."

Tanko ya ɗaga ido ya dubi gilashin da ke bango, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Har Tanko ya bar duniya bai ƙara tayar da maganar ba.

Ban ce da na je da ya rayu ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da bai mutu yana kallon ƙofa ba. Kuma ki lura da abin da na yi a zauren nan: na ɗauki sunan Allah na rufe ƙazantata da shi. Gaskiya ne komai da nufin Allah yake, amma ba Shi ya saka tabarau ya ja yatsa a kan takarda ba. Ranar da kika yi kuskure a wurin aiki, kuma za ki yi, kada ki nemi babbar magana ki laɓe a bayanta. Ki ce ni na yi, ga yadda aka yi.

Bayan an share makoki Iya ta tare ni. "Ba ka ce ya ce lafiyarsa ƙalau ba?" Na ce ciwon daga baya ya zo. Ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai, sai da 'yar rakiya.

Aka haife ki. Ranar suna liman ya matso ya tambaye ni a kunne, na ba shi sunan yayata, Hauwa'u. Wasiƙar tana cikin adaka, taku goma daga inda muke zaune.

Bayan sunan da mako guda na sauke gilashin nan, na ɗaure shi a bayan keke, na tafi gidan Malam Ɗanlami. Na same shi yana ba tumaki dusa. Na ajiye a gabansa na ce, "Malam, ga takardarka. Ba tawa ba ce. Ban iya karatu ba."

Ya goge hannunsa a riga ya ce, "Na sani, Baba. Tun a watan farko na ga bakinka yana zuwa bayan na kowa."

"Ka sani, ka ba ni?"

"Furfurarka na ji wa kunya. Ta yaya zan tsayar da sa'an mahaifina a gaban mutane in ce sake?"

Mutumin kirki ne, kara ya yi mini. Karar nan tasa da girman kaina su suka haɗu suka bar ɗana yana jiran ƙofa. Saboda haka ki ji wannan da kyau. A can za ki haɗu da masu kirki, waɗanda za su ji kin karya musu harshe su yi murmushi su ce kin iya. Ki gode musu. Amma ki nemi mai ɗaure fuska, wadda za ta tsayar da ke ta ce ba haka ba ne, sake. Ita za ki liƙe wa. In ta gyara miki a gaban mutane har kunnuwanki suka yi zafi, ki ce ta ƙara.

Na koma ajin, bencin gaba, na roƙi Malam kada ya sake barina in amsa cikin taro. Ni kaɗai nake tashi in karanta, ina tuntuɓe, sababbin ɗalibai suna dariya a cikin hula, har da waɗanda suka zo taya ni murnar takarda. Ban mutu ba. Abin da na guje wa ke nan tun farko, dariyar mutum ashirin ta 'yan watanni.

Duk da haka ban ba Malam wasiƙar ya karanta mini ba. Na ce wa kaina ai ni aka rubuto wa, ni zan karanta. Yanzu na san tsoro ne. Sai da na shekara da wata huɗu ina zuwa aji kafin na ɗauke ta na tafi gona, na zauna gindin ɗorawa. Daga hantsi har azahar ina kan shafi biyu. Na haddace ta yanzu. Bayan gaisuwa ga abin da ya ce:

"Baba, kai kaɗai na rubuto wa, tunda yanzu Allah Ya sa kana karantawa da kanka. Ina kwance a asibiti yau kwana tara, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ban ba kowa saƙon baki ba don kada ya kai kunnen Iya ko Saude, ga ta da tsohon ciki. Ka ce musu Kano za ka. Ka zo ka ɗauke ni. In ma tafiyar ce ta zo, gara ta same ni a gida."

Ya kwatanta mini motar da zan hau, da inda zan sauka, da wanda zan tambaya. Ya ce in taho masa da kuka da daddawa, bakinsa ya gaji da abincinsu. A ƙarshen shafi na biyu ya ce:

"In Saude ta sauka ban dawo ba, in namiji ne kai ka zaɓa. In mace ce, a sa mata sunan Iya."

Kin gani. Don ya yarda na iya karatu ya sa ya rufe bakin kowa ya buɗe mini ni kaɗai. Da ya san ni jahili ne, da saƙon baki ya bayar, da kwana biyu sun ishe ni in isa gare shi. Jahilcina bai cuce shi ba, ɓoye jahilcin ne ya cuce shi.

Ranar nan ya kamata in dawo gida in durƙusa gaban matan nan biyu. Ban yi ba. Na mayar da wasiƙar adaka, na ce sai zuciyarsu ta yi sanyi. Mahaifiyarki ta yaye ki, ta yi aure a Yalwa, aka bar mana ke. Iya ta goya ki, ta yi miki kitso, ta raka ki makaranta. Shekara goma sha tara ta ƙara a duniya bayan na san abin da ke cikin takardar. Sau nawa tana yi miki wanka tana cewa, "Jikoki har bakwai, ba wanda ya yi mini takwara. 'Ya'yan yanzu ba su san uwa ba." Da wasa take faɗa, amma na san ba wasa ba ne duka. Ina zaune ina ji, amsarta tana ƙasan adaka. Da ta kwanta ciwon ajali na ce bari ta ɗan ji sauƙi. Ta tafi ba ta san ɗanta na fari ya tuna da ita a kan gadon mutuwarsa ba.

Wannan ya fi ci mini rai fiye da na farkon. Na farko ban san abin da nake ɓoyewa ba. Na biyu da idona buɗe na yi shi, kullum, shekara goma sha tara. In kina da maganar da ta wajaba ki faɗa wa wani, kada ki jira ranar da za ta yi sauƙi. Na jira ranar nan, ba ta cikin kwanakin mako.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da kika tafi Kano karɓo fasfo, na je Yalwa. Na nemi izinin maigidan, aka shimfiɗa mini tabarma a soro, mahaifiyarki ta zo ta durƙusa daga nesa kamar yadda ta saba. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Baba, ya ambace ni?"

Na fito da wasiƙar na karanta mata, tun daga bisimilla har sa hannunsa, kowace kalma har ƙarshenta. Da na zo inda ya ce kada labarin ya kai kunnenta, ta ce, "Sake karanta wurin." Na sake. Ta ce, "Ranar nan har wake na ƙara a tukunya, na ce tunda yana tafe."

Na ce, "Saude, ki yafe mini."

Ta ce, "Baba, ba yau ba." Da na miƙe zan tafi ta ce, "Ni ba zan faɗa mata ba. Kai ka karanta, kai za ka rubuta."

Ga shi na rubuta.

Yanzu ki koma kan takardarki mai gida goma sha shida. Ni ban san Jamusanci ba, kuma ba zan sani ba. Amma ke da bakinki kika ce mini a harshen nan wutsiyar kalma ce ke nuna wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da wanda aka ba. To wurin da za ki, magani ake bayarwa, kuma mutane ake ba. Wanda ya saba haɗiye abin da bai tabbatar ba a bakinsa, zai saba gyaɗa kai ga abin da bai ji ba a kunnensa. Haka nawa ya fara, da wasa, a bencin baya. Wata rana likita zai faɗa miki magana da sauri yana tafiya, ki kama rabi, sauran ma'aikata suna kallonki, ke kaɗai ce baƙar fata mai ɗankwali a wurin. Za ki ji kan naki yana son ya gyaɗa da kansa. Ki riƙe shi. Ki ce ban gane ba, a sake. In sun yi tsaki, tsaki ba ya kisa.

Ki fito da kowace wutsiya a fili. In dem ne ki rufe leɓe a ji, in den ne ki bar shi a ji. In kin yi kuskure, ki yi shi da ƙarfi yadda za a kama shi a gyara. Ki ɗauki gida ɗaya kowace rana ki yi ta aiki da shi a bakin mutane har ya zauna. Ni ma tun da kika tafi kullum da safe nake kwafar layi ɗaya daga takardar nan taki, don hannuna ya taɓa abin da naki ya taɓa. Na kai layin tsofaffi masu yawa, wanda aka ɗora wa ɗigo biyu a ka.

Kin ce mini yawancin waɗanda za ki yi jinya tsofaffi ne, kuma 'ya'yansu ba sa zuwa sosai. In kin ga wanda ke ɗaga kai duk lokacin da aka taɓa ƙofa, ki ɗan tsaya a wurinsa ko da aikinki ya ƙare. Ki tambaye shi wa yake jira. Ba don ni ba.

Sauran kin san su. Ki riƙe salla ko da rana ta ƙi fitowa. Ki sa rigar sanyi tun kafin ki ji sanyin. Ki riƙa kiran mahaifiyarki, ta fi ni haƙƙi, kuma ta fi ni buƙata yanzu. Kukar da daddawar da na aiko tare da wannan, ki tambaya ko ana barin shiga jirgi da su. In ba a bari, ki bar wa Saude.

Wasiƙar ubanki tana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe ta a leda. Ki buɗe a hankali, ta tsage a wurin ninki. Taki ce, tun da can ma ni ajiya aka ba ni na ci amana. Fasfonki ya riga ya fito da sunan da na ba ki, ban ce ki canza komai ba. So nake kawai ki san akwai wanda ubanki ya zaɓa.

Ranar Alhamis tun da safe zan fitar da tabarma ƙofar zaure, inda ake hango hanyar da ta taho daga Kibiya. In kin zo, ki faɗa mini duk abin da ke bakinki, kada ki yi mini kara, an yi mini ta isa. In kuma har magariba ban ga ƙurar mota ba, zan naɗe tabarmata. Duk wanda ya tambaye ni me ya hana jikata zuwa sallama, ba zan ce Allah bai nufa ba. Zan faɗa masa dalili.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, addu'ata tana biye da ke. Allah Ya buɗe miki harshensu, Ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, Ya sa hannunki ya zama waraka ga duk wanda kika taɓa. Allah Ya jiƙan ubanki da kakarki, Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya, ko ina nan ko ba na nan.

Bari in rufe da sunan Iya na yanka, wanda ubanki ya zaɓa miki. Allah Ya kiyaye hanya, Safiya.

Kakanki,
Sabo